Mangwaro da Bedin Baba, da Makullin da Muka Aika wa Alhaji

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a firamaren wani ƙauye da ke bayan Ruwan Godiya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mai karatu ya yi mini uzuri. Yanzu ko a mota aka tambaye ni daga ina nake, sai na ƙare wa mai tambayar kallo kafin in buɗe baki, kuma sau da yawa sunan wani garin nake faɗa. Da Baba na raye da ya ce wannan ba tarbiyyarsa ba ce. Ni kuma da na ce masa, Baba, ai ba ka ga abin da muka gani ba.

Ni ce autarsa. Ya haife ni da furfura a gemu, shi ya sa duk labaran da na tashi da su na tsofaffi ne. Karatuna a sakandare ya tsaya, ban taɓa taka kwaleji ba, amma na san kwalejin horon malamai da Baba ya yi kamar ni nake share ta kullum. Hawan jini ne ajalinsa. Ya cika a kan gadonsa, aka yi masa sutura a natse, aka kai shi makwancinsa ba wanda ke waiwayen daji. Lokacin mun yi kuka kamar ba za mu daina ba. Yau in tsofaffin garinmu suka tuna shi, cewa suke, "Malam ya yi sa'a." Ban taɓa zaton za a wayi gari mutuwa a kan gado ta zama abin sha'awa ba.

Shekarun baya duk ban rubuta komai a kansa ba, addu'a kawai muke yi mu raba waina. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne an zo an nemi in ara wa wata magana sunan Baba. Maganar kuwa ita ce ko mu koma ƙauyenmu da muka gudo daga cikinsa, ko mu ci gaba da zama inda muke. Kafin in kai can, sai na fara ba ku labarin wasu itatuwa biyu, don ba domin su ba da ban san abin da zan ce ba.

A bayan ɗakin cin abincin kwalejinsu, in ji Baba, akwai wani fili mai mangwaro a gabas da icen bedi a yamma, wanda wasu ke kira darbejiya. A tsakiyar filin an rataye tsohon ƙarfen tayar mota a jikin gwafa. Duk ɗalibin da ke da shawara, shi zai je bayan la'asar ya buga ƙarfen nan, jama'a su taru, ya hau benci ya faɗi abin da ke ransa. In an gama musu, ba ɗaga hannu, ba takarda. Mai goyon baya ya tafi gindin mangwaro, wanda bai yarda ba ya tafi gindin bedi. Inuwar da ta fi cika ita ta ci. Shi kuwa wanda ya buga ƙarfen yana nan tsaye a tsakiya da sandar bugawa a hannu, wai shi ne mai duba wace inuwa ta fi mutane. Ba ya zuwa gabas, ba ya zuwa yamma. Haka suka gaji abin, ba wanda ya taɓa ganin aibinsa.

Babu abin da ba su kai gindin itatuwan nan ba. Waken da ake dafa musu da ƙwari a ciki. Ko a bar ɗalibai masu iyali su riƙa leƙa gida ƙarshen wata. Ko a fara ɗaukar mata a kwalejin, wanda Baba ya ce ranar mangwaro ya cika har wasu na tsaye a rana, "kuma wallahi ba duka ne don kishin ilmin mata ba." Akwai shekarar da suka yini ba su ci abinci ba don nuna goyon baya ga baƙaƙen fatar da ake zalunta a can kudancin Afirka. Ya ce rabin waɗanda suka yini da yunwar ba za su iya nuna ƙasar a taswira ba, amma da gaske suke, har da masu hawaye. In siyasa ta zo kuwa, kwalejin rabewa take biyu, masu jam'iyyar talakawa da masu ta manya. Abokai su daina haɗa kwano, sai jarrabawa ta matso a koma aron littafi.

Baba bai taɓa ɓoye cewa shi ɗan mangwaro ba ne. Zuciya ce da shi mai saurin kamawa, in aka ce ana zaluntar wani ba ya jiran ƙarshen magana. Inna, mahaifiyata, takan tsokane shi tana tsince wake, ta ce, "Kai dai Malam, ko cewa aka yi a je a share daji da tsintsiya, da gudu za ka tafi mangwaron nan." Sai ya ce, "To da ban da saurin yarda, ai da ban auro ki ba."

Ya taɓa ba ni labarin shekarar da aka kawo shawarar kowane ɗalibi ya yi babban hutu yana koya wa manya karatu a ƙauyensu. Ranar, in ji shi, gindin bedi ba kowa sai awakin mai gadi. Da aka dawo hutu aka bincika, waɗanda suka yi aikin ba su cika benci guda ba. Ya ce abin ya ba shi haushi, amma bai koya masa komai ba. Abin da ya koya masa hankali daga baya ya zo, kuma da haƙoransa ya biya.

Akwai wani ɗan ajinsu, wanda yau ake kira Alhaji Sama'ila. Allah ya ba shi baki. Baba ya ce in ya hau benci har kuku barin tukunya yake ya zo ya saurara. Wata shekara aka rage musu abinci, aka cire nama gaba ɗaya, sai ya buga ƙarfe. Shawararsa ita ce gobe da safe a fita gaba ɗaya zuwa ofishin ilmi da ke cikin gari, kuma kada a bi babban titi, a bi ta lungun bayan kasuwa inda ba wanda zai tare su. Mangwaro ya cika. Da safe suka fita, Baba a sahun gaba da kwali a hannu. Suna shiga lungun suka tarar da 'yan sanda a tsaye suna jiransu. Aka yi ta barkonon tsohuwa da kulki. Baba ya baro haƙoransa biyu na gaba a wurin. Aka kori wasu ɗalibai, har da wani yaro daga wajen Sabuwa wanda daga nan bai sake ganin aji ba. Mai shawarar kuwa ba ya cikin tafiyar. Da aka tambaye shi, cewa ya yi ya ji labarin shugaban makaranta zai sa a cire ƙarfen, shi ne ya tsaya gadinsa.

In Baba ya kawo nan sai ya yi ta dariya har giɓin ya fito. Ni kuma tun ina 'yar firamare nake tambayarsa, "Baba, to wa ya faɗa wa 'yan sanda hanyar?" Sai ya ce, "Zulai, a fili fa aka yi maganar. Ko awakin mai gadi sun ji." Bai taɓa cewa Alhaji ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne.

Da bakinsa ya warke, Baba ya je ya buga ƙarfen, kuma shi ne bugunsa na farko da na ƙarshe. Ya ce daga yau duk wanda ya kawo shawara, in ya gama magana ya ajiye sandar a ƙasa, ya fara takawa zuwa mangwaro shi kaɗai kowa na kallo, kafin wani ya motsa. In kuma shawarar ta fita ce, to shi ne a gaba, saura su bi bayansa. Yana gama faɗa ya ajiye sandar ya taka. Ya ce bai taɓa sanin filin na da faɗi haka ba sai ranar. Da ƙyar mangwaro ya rinjayi bedi, don masu baki da yawa ba su so ba. Amma ta zama doka, kuma daga nan, in ji shi, ƙarfen ya samu hutu.

Ban sani ba ko daidai haka abin ya faru. Baba na ƙara wa labari gishiri, wani lokaci haƙoran biyu ne, wani lokaci har da rabin na uku. Kuma a halin da nake ciki yanzu, ko labarin ubana sai na juya shi na duba bayansa. Amma giɓin dai na gan shi da idona.

Alhaji Sama'ila bai daɗe a aji ba. Ya shiga siyasa da kwangila, ya yi gida a Katsina. Abin da ke ɗaure mini kai har yau shi ne zumuncinsu bai yanke ba. Duk kaka sai ya zo da mota, yara su kewaye ta. Tun daga zaure zai ɗaga murya:

"Malam Giɓi! Har yanzu kana nan kana shaƙar alli?"

"Ina nan, Sarkin Ƙarfe. Ba a dai sace ƙarfen ba ko?"

Su tafa, su yi ta dariya, Baba ya sa a yanka masa zakara. Ranar jana'izar Baba kuwa na hango shi ta katanga yana share hawaye da hannun riga, kuma hawayen gaske ne. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na rage masa.

Bara da damina, lokacin masara ta fi ƙarfin tsayin mutum, na shiga gonar bayan gidanmu bayan azahar in tsinko rama. Sai na ji ƙarar babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na kwanta rub da ciki a cikin kunya, fuskata a laka. Mutum biyu suka biyo ta gefen gonar, kusa da ni har ina jin warin man fetur a jikinsu. Ɗaya ya ce wa ɗayan, "Wancan mai ƙofar langa-langa gidan malamin nan ne da ya mutu. Ba namiji ciki, wuce." Suka wuce. Gida gida suka bi, suna kiran mutane da sunayensu. Waɗanda suka kashe da waɗanda suka kora daji ba zan jero su a nan ba, hannuna ba zai bari ba. Inna a bayan rumbu ta ɓuya, Allah ya tsare ta.

Muryar nan ita ta hana ni zaman lafiya. Ba baƙuwar murya ba ce. Na san na taɓa jin ta, ko a kasuwa, ko a ƙofar gidanmu, ko a bakin wani da Baba ya koya wa karatu. Amma har yau na kasa ɗora ta a kan fuska. Tun da muka gudo Faskari muka raɓe a ɗaki guda a gidan Kawu Garba, ƙanen Inna, ba ni da aiki sai sauraren maza. Mai tura ruwa in ya yi sallama, sai in ja shi da ciniki don in ƙara jin muryarsa. Mai kayan miya, mai acaba, har limamin unguwa in yana karatu. Na san ba kyau. Na san a cikinsu akwai waɗanda suka rasa fiye da abin da na rasa. Amma wani ne ya faɗa musu gidanmu ba namiji, kuma wannan wanin yana cin tuwo a wani gida yau, wataƙila ma muna gaisawa.

Ba ni kaɗai ba ce. Mutanen garinmu da ke warwatse nan, da na Ƙanƙara, da waɗanda suka gangara Daudawa, duk haka suke. In mutum ya sayi sabuwar waya, a ce ina ya samu. In an ƙyale gonar wani ba a ƙona ba, a ce me ya sa. Mu ma an yi ta raɗa a kanmu, wai me ya sa aka tsallake gidan Malam. Wannan kam da Baba ya ji, da ya fi zubar haƙoran yi masa ciwo.

Da safe nakan tara yaran 'yan garinmu a ƙarƙashin rumfa in koya musu baƙi da lissafi, don kada su manta. Shi ya sa iyayensu mata ke ce mini Malama, kuma in an rasa gane wata magana ni ake nema. Ina jin wannan ne ya kai Alhaji Sama'ila ƙofar ɗakinmu watan jiya.

Ya zo da shinkafa da atamfa. Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Sannan ya ce an yi sulhu da mutanen daji. Ya ce shi da kansa ya je bakin daji da wasu dattawa, an dafa Alƙur'ani, an ce kowa ya koma ya yi shuka ba abin da zai same shi. Yana son a koma kafin ruwa ya zauna. Ya juyo ya dube ni.

"Ɗiyata, matan nan maganarki suke ji. Ranar taro zan ba ki lasifika ki yi masu bayani. Da ubanki na raye, wallahi shi za ya fara ɗaure kaya. Ai Malam bai taɓa tsayawa bedi ba."

Yana magana ina sauraren muryarsa, ba maganar ba. Ba ita ba ce. Na tabbata ba ita ba ce, kuma hakan bai kwantar mini da hankali ko kaɗan ba.

Mutane na ta faɗin albarkacin bakinsu. Wasu sun ce zaɓe ne ke tafe, yana son a ce shi ya mayar da jama'a gida. Wasu sun ce yana da gonaki ta wajen da ba mai noma masa su. Wasu sun faɗi abin da ba zan rubuta ba, don ba ni da hujja. Akwai kuma masu cewa duk manyan da ke Katsina shi kaɗai ne ya tako ya zo ya ga yadda muke kwana, kuma wannan ma gaskiya ne. Ita kuma yunwa ba ta da ruwa da duk wannan. Bara mun bar masara a tsaye. In bana ba mu yi shuka ba, shekara biyu ke nan muna cin na Kawu, shi ma ga nasa iyalin. Inna so take ta koma. Gonarta na can, kabarin mijinta na can.

Bayan ya tafi na ce, "Inna, ni fa ban yarda da shi ba."

Ta ce, "Ke wa kika yarda da shi? Babanki ya fi ki sanin shi, kuma bai taɓa rufe mashi ƙofa ba."

"Haka ne. Amma bayan wancan lungun, ya taɓa bin shi wani wuri?"

Ta ci gaba da tsince shinkafar da ya kawo.

Na yi ta tunanin abin da Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin da farko zai sha mamakin yadda goyon baya ya yi arha. Su a zamaninsu, ko ba komai sai ka taka da ƙafarka, abokinka na kallon inda ka nufa. Yanzu mutum na kwance a Kaduna ko Abuja zai latsa waya ya ce yana goyon bayan sulhu ɗari bisa ɗari, wani ya latsa ya ce duk mai sulhu maci amana ne, su yi ta zagin juna, alhali ba ɗayansu da ya san warin laka a cikin kunyar masara. Kuma ina jin Alhaji bai yi ƙarya ba da ya ce Baba zai so a koma. Na san shi. Zuciyarsa za ta kama, zai ce ƙasar ubanmu ce, zai fara neman igiyar ɗaure kaya. Sai dai Alhaji Baban da bai zubar da haƙora ba yake tunawa. Ni kuwa mai giɓin na sani.

A filin wata firamare aka yi taron, bayan la'asar. Maza a gaba, mu mata a baya jikin bangon aji. Alhaji ya yi magana, kuma Baba bai ƙara gishiri a nan ba, mutumin nan ya iya magana. Ya kira sunayen fadamunmu ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci tsamiyar bakin rijiya, ya ce yaranmu sun fara manta hanyar gonar iyayensu. Matar da ke kusa da ni kuka take. Ni ma sai da na ji kamar in tashi in kama hanya a ƙafa. Sannan ya ce ɗiyar amininsa marigayi za ta yi wa mata magana, aka miƙo mini lasifika ta kan mutane.

Na miƙe na karɓa. Wani babur ya wuce a bayan katanga, sai da na jira ƙararsa ta ɓace. Na yi sallama, muryata ta fito kamar ba tawa ba.

"Baba Alhaji, ni ban iya magana ba, ka yi haƙuri. Ka ce da Babana na raye zai goyi baya, kuma ina jin haka ne. Amma a kwalejinku akwai dokar da ya kawo, kana wurin. Wanda ya kawo shawara shi ke fara takawa. Gidanmu na nan, ɗakin Baba na nan da gadonsa. Ka je ka zauna a ciki, ko kai kaɗai ne. In mun ji kana can, ni da Inna mu ne na farko a bayanka."

Kawu Garba ya waiwayo daga sahun maza ya zaro mini ido, ya ce, "Ke, Zulai!" Wani ya ce yaushe yarinya ta isa ta gindaya wa Alhaji sharaɗi. Sai wata tsohuwa a bayana, Iya Tabawa, wadda ta rasa ɗanta a ranar, ta ɗaga murya ba lasifika:

"Yo ina laifi? Ya je mana! Ni zan riƙa tuƙa mashi tuwo. Daga nan dai, in bai wa mai acaba ya kai mashi."

Mata suka kwashe da dariya, wasu da hawaye a fuska. Alhaji ma ya yi dariya, ya girgiza kai, ya daɗe yana kallona.

"Giɓi bai mutu ba," in ji shi. "To na ji, ɗiyata. Zan zo, in sha Allahu zan zo. Ku dai ku fara yin gaba ku share wuri."

Daga sahun maza wani ya ce, "A'a, Alhaji. Ai cewa ta yi kai ne gaba."

Haka taron ya watse ba a tsayar da komai ba.

Ba zan ce na yi nasara ba, don ban san me na yi ba. Wasu gidaje sun koma, yunwa ta kora su, kuma ban ga laifinsu ba. Har zuwa yau da nake wannan rubutu ba abin da ya same su, Allah ya ci gaba da tsarewa. Sun share gonakinsu. Waɗanda suka tsaya saboda maganata kuwa, in damina ta wuce lafiya, ni za su kalla, kuma suna da gaskiya. An riga an fara cewa ɗiyar Malam ta hana mutane noma. An kuma ce wa ya sa ta, wa ke bayanta. Ni da nake sauraren muryar kowa, yau tawa ake saurare.

Inna ta ɗan yi fushi da ni, ko ta kira ni sai dai ta ce "ke". Ran nan da safe na ga ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin ɗakin Baba, wanda tun ranar gudu bai bar jikinta ba. Ta naɗe shi a ƙyalle ta ba Kawu, ta ce in zai shiga Katsina ya kai wa Alhaji hannu da hannu, ya ce masa gadon na da kyau, sai dai a kaɗe ƙura. Kawu ya kai. Ya ce Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun gaba, ya ce a gaishe mu.

In na zauna ina auna abin da Baba ya bari, ba shi da yawa. Littattafansa na can, in gara ta bar su. Ɗalibansa sun bazu, wasu malamai, wasu manoma, wataƙila ɗaya daga cikinsu ne mai muryar nan. Abubuwan da suka yini da yunwa dominsu a kwaleji, wasu sun tabbata, wasu an manta da su, mangwaron ma ban san ko yana tsaye ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne 'yar dokar nan, kuma sai yanzu na gane abin da ya sa ya iya yanka wa Alhaji zakara duk shekara da zuciya ɗaya. Bai san wa ya faɗa wa 'yan sanda hanya ba, kuma ya daina wahalar da kansa da neman sani. Bai ce a zargi kowa ba, bai ce a yarda da kowa ba. Cewa kawai ya yi mai magana ya shiga gaba. Ni da na kasa gane murya ɗaya a cikin shekara guda, wannan ne kaɗai abin da na samu da ba ya bukatar in san cikin mutum.

Mai yiwuwa na zalunci Alhaji. In haka ne, ranar da aka ce mini an ga hayaƙi na tashi a tsakar gidanmu, zan durƙusa a gabansa in nemi gafara a gaban duk wanda ya ji ni ran nan, kuma ni zan ɗora masa ruwan alwala. Allah ya ji ƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa mu sake tsayawa a kansa ba tare da muna waiwaye ba.

Irin masararmu na rataye a bayan ƙofa, Inna ta riga ta ɗaure tukwane. Makulli na aljihun Alhaji. Jiya an yi ruwa.